Saint-Véran: Ƙauyen da Zakara ke Tsattsagar Taurari

Dutse mafi tsawo a Jamhuriyar Nijar shi ne Idoukal-n-Taghès da ke tsaunin Bagzan a yankin Agadas, mai tsayin mita 2,022 idan aka auna daga bakin teku. Ka hau ƙololuwarsa, ka ƙara mita 20 a sama, to ka iso daidai ƙofar cocin wani ƙauye a kudu maso gabashin Faransa mai suna Saint-Véran, wanda ke zaune a kan mita 2,042. Garin Jos da muke yi wa kirari da sanyi bai wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. A can Saint-Véran kuwa, inda mu za mu ce wurin gaggafa ne kawai, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma, suna kiwo, suna aure, suna binne mamatansu. Kirarin da suka yi wa garin nasu shi ne: inda zakara ke tsattsagar taurari.

Ƙauyen yana cikin tsaunukan Alps, a lardin Hautes-Alpes, cikin wani lungu da ake kira Queyras, dab da iyakar Italiya. Faɗin ƙasarsa ya kusa murabba'in kilomita 45, amma mafi yawanta duwatsu ne da makiyaya, wasu ƙololuwan sun haura mita 3,000. Wani rafi mai suna Aigue Blanche, wato farin ruwa, yana ratsa kwarin da ke ƙasan garin, ruwansa ya gangara zuwa kogin Guil, daga nan ya shiga Durance, ya faɗa Rhône, ya ƙare a Bahar Rum. Gidajen ba a gindin kwarin suke ba. An jera su ne a gefen tsaunin da ke kallon rana, layi bisa layi, kowane gida yana leƙe ta saman na ƙasansa don kada ya rasa rabonsa na haske. Ɗaya gefen, mai inuwa, an bar wa daji.

Za ka ji ana cewa shi ne gari mafi tsawo a Turai. Maganar tana da gyara. Akwai Juf a ƙasar Suwizalan mai mita 2,126, akwai Trepalle a Italiya, dukansu sun ɗara shi, haka ma wasu wuraren shaƙatawa na zamani da aka gina a Faransa kanta don masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Sai dai Juf da Trepalle unguwanni ne a ƙarƙashin wasu garuruwa. Tinƙahon Saint-Véran shi ne cewa gari ne mai cin gashin kansa, da magajin gari da majalisarsa, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan hukumomi kusan 35,000 da Faransa ke da su. Kakanninsu ma ba da mita suke auna abin ba. Cewa suke yi nan ne wuri mafi tsawo da ake cin burodin Allah, ma'ana burodin da aka yi da hatsin da aka noma a gonakin wurin. A ganina wannan ma'auni ya fi na mita ma'ana, domin hawa sama ba wuya, ciyar da iyali a can ne aiki.

Wanda yake so ya fahimci garin, ya fara da hunturu. Mutanen waɗannan tsaunuka suna da karin magana: wata bakwai na hunturu, wata biyar na jahannama. Wata bakwai ɗin a fili suke, dusar ƙanƙara ce ke rufe ƙasa tun wajen Nuwamba har Afrilu ko Mayu. Wata biyar ɗin kuwa ba zafi ake nufi ba, aiki ake nufi. A cikinsu dole a yanke ciyawar da za ta ciyar da shanu da tumaki tsawon lokacin da za su kasance a kulle, a shanya ta, a ɗauro ta daga gangaren da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya taka. A cikinsu za a girbe hatsi, a tono dankali, a faskare itace, a gyara rufi. Hatsin nasu wani ɗan'uwan alkama ne mai jure sanyi da Faransawa ke kira seigle, ana shuka shi a ƙarshen bazara, ya kwana ƙarƙashin ƙanƙara, sai wata bazarar a girbe. Idan ƙanƙara ta yi jinkirin narkewa, manomi kan barbaɗa mata baƙar ƙasa ko toka don ta sha zafin rana ta saki gonar da wuri. Ƙasar da ruwa ya kwashe zuwa gindin gona kuma a kwando ake mayar da ita sama. Wanda ya yi sanya a waɗannan watanni, dabbobinsa ba za su ga ƙarshen hunturu ba.

Gidan Saint-Véran amsa ce ga wannan matsala, kuma shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ƙasan ginin na dutse ne, bango mai kauri, rabinsa a nutse cikin gangaren tsauni. A samansa aka ɗora wani katafaren ɗaki na gungumen itace, an gicciya su ɗaya kan ɗaya, wanda suke kira fuste. Nan ne rumbu: ciyawa da damman hatsi, da baranda a gaba inda iska da rana ke ƙarasa busar da abin da gona ba ta samu lokacin busarwa ba. A gefe akwai ɗan ginin dutse, caset, mai ɗakin girki da ɗakunan ajiya. Itacen da suke amfani da shi, mélèze, yana daɗewa bai ruɓe ba, da shi kuma ake yin allunan rufi. To ina mutane ke kwana? A ƙasa, ɗaki ɗaya da dabbobi. Shanu a wannan gefe, gadaje da tebur da murhu a wancan. Numfashin shanu da ɗumin jikinsu su ne wutar jin ɗumi, ciyawar da ke sama kuma ta zama bargon da ke hana ɗumin tserewa. Mai karatu zai iya yatsina fuska, to amma a wurin da itace ke da iyaka, sanyi kuma ke daskarar da ruwa a cikin tulu, saniya ta fi maƙwabci amfani. A haka wasu iyalai suka zauna har cikin ƙarni na 20. Gidan da ya fi tsufa a garin, na shekarar 1641, yanzu gidan tarihi ne mai suna Le Soum, an bar shi yadda yake don a ga turken shanu da gadon mai gida a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Gidan katako cike da busasshiyar ciyawa, da murhu a ƙasansa, ba sai an faɗa maka abin da ake tsoro ba. Gobara ta sha cinye ƙauyukan Queyras. Shi ya sa aka raba Saint-Véran unguwa biyar, La Ville, Le Châtelet, Les Forannes, Pierre Belle da Le Villard, aka bar fili tsakaninsu don idan wuta ta kama ɗaya kada ta tsallaka. Kowace unguwa da kwamin ruwanta na katako da tanderun gasa burodinta. Ba kullum ake hura tanderun ba, saboda tsadar itace. Akan haɗu a gasa burodi mai yawa a lokaci guda, a jera shi a rumbu ya bushe ya yi tauri kamar dutse, har sai da wata wuƙa ta musamman ake datsa shi, a jiƙa a miya ko madara. Aikin hanya, gyaran magudanar ban ruwa da share ƙanƙara duk na gayya ne, kowane gida da rabonsa.

Wannan sabo da haɗa kai ya haifar da wani abu da ba kasafai ake jin labarinsa a tarihin Faransa ba. Ranar 29 ga Mayu, 1343, sarkin yankin Dauphiné, Humbert na Biyu, wanda bashi ya yi wa katutu, ya sa hannu a kan wata yarjejeniya da talakawansa na waɗannan tsaunuka. Suka biya shi tsabar kuɗin zinariya florin 12,000, suka kuma amince da wani haraji na shekara-shekara, shi kuma ya sakar musu mara: su zaɓi shugabanninsu, su yi taro ba sai da izininsa ba, su mallaki dazuzzuka da ruwa da makiyaya, su raba harajin a tsakaninsu yadda suka ga dama. Daga kalmar raba haraji aka samo sunan tsarin, Escartons. Gundumomi biyar ne: Briançon, Queyras, Oulx, Pragelas da Château-Dauphin. Bayan shekara shida, a 1349, Dauphiné ta koma hannun sarakunan Faransa, amma yarjejeniyar ta ci gaba da aiki. A 1713 yarjejeniyar Utrecht ta yanke uku daga cikinsu ta miƙa wa masarautar Savoie, yau suna cikin Italiya. Biyun da suka rage sun riƙe 'yancinsu har juyin juya halin 1789, wanda ya zo da doka ɗaya ga kowa ya share duk wani gata na yanki. Abin mamaki, juyin da ya 'yanta sauran manoman Faransa shi ya rage wa waɗannan 'yanci.

A wancan zamani Saint-Véran ɗaya ne daga cikin garuruwa bakwai na gundumar Queyras, tare da Abriès, Aiguilles, Arvieux, Château-Ville-Vieille, Molines da Ristolas. A Ville-Vieille har yanzu akwai kabad ɗin da suke ajiye takardunsu. Makulli takwas gare shi, ɗaya ga kowane gari, na takwas ga magatakarda, ba ya buɗuwa sai kowa ya hallara. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun ƙungiya ya san dalilin.

Mutanen da ke rubuta yarjejeniya da lissafin haraji da kansu dole su iya karatu, ga kuma wata bakwai na zaman ɗaka. Don haka tun kafin gwamnatin Faransa ta wajabta karatun firamare a 1882, ƙauyukan nan suna ɗaukar malami da kuɗinsu ya karantar da yara a lokacin hunturu, sau da yawa a cikin ɗakin shanun nan mai ɗumi. Ilimi ya yi yawa har ya zama abin fitarwa. Idan kaka ta yi, samari kan sauka kasuwannin ƙasa neman aikin koyarwa, da gashin tsuntsu na rubutu a soke a hula: ɗaya ga mai koyar da karatu, biyu ga wanda ya haɗa da lissafi, uku ga wanda ya san Latin. Marubuci Victor Hugo ya ambaci waɗannan malamai na Queyras a littafinsa Les Misérables na 1862. Wasu kuma kan tafi talla, ko wasa wuƙaƙe, ko cinikin cuku a biranen kudu. Mu namu cin rani ne, idan gona ta bushe a nufi birni. Su nasu cin hunturu ne, dalilin kuwa ɗaya: a rage bakin da ke cin abin da ke rumbu, a dawo da 'yan kuɗi kafin aikin gona. Waɗanda suka zauna a gida ba su zauna haka nan ba, sassaƙa suke yi. Akwatunan aure, gadajen jarirai da tasoshin gishiri masu zanen fure mai kunne shida da aka san Queyras da su, aikin wuƙar hunturu ne.

Sunan garin na wani limamin Kirista ne, Véran, bishop na garin Cavaillon a ƙarni na 6. Almara ta ce ya kori wani ƙaton maciji mai fukafukai daga wani marmaro a Vaucluse, dodon ya tashi da rauni ya zo ya faɗi a nan. Tarihin addini na gaske ya fi wannan ɗaci. A ƙarni na 16 mutanen Queyras da yawa suka bar Katolika suka koma Furotesta, yaƙe-yaƙen addini suka lalata cocin garin, sai a ƙarni na 17 aka sake gina shi. Zakuna biyu na dutse da ke ƙofarsa saura ne daga tsohon ginin. Da Sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes a 1685, wadda ta ba Furotesta damar yin addininsu tun 1598, iyalai da dama suka tsallaka tsauni suka yi hijira zuwa Suwizalan da Jamus. Amma ba duka suka tafi ba. A 1804 waɗanda suka rage suka gina nasu wurin ibada, shi ya sa wannan ɗan ƙauye yake da majami'u na ɗariku biyu. Can sama a kwarin kuma akwai ƙaramin cocin Clausis, inda duk ranar 16 ga Yuli ake haɗuwa da mutanen ɓangaren Italiya da ke takowa ta kan tsauni. Iyaka ta raba su a takarda, amma harshen kakanninsu ɗaya ne, wani reshe na Occitan da yanzu galibi tsofaffi ne ke jin sa.

Abin da baƙo zai fara lura da shi a bangayen garin shi ne agogon rana: zane mai launi da sandar ƙarfe a tsakiya, inuwarta na nuna sa'a. Akwai su da yawa, wasu na wani mai zane ne daga Piedmont, Giovanni Francesco Zarbula, wanda ya zagaya yankin a tsakiyar ƙarni na 19 yana yi wa masu hali. Agogon rana ba ya aiki sai da rana, Queyras kuwa tana da ita. Manyan tsaunukan da ke yamma suna tare hadari, sama ta zauna garau, har masu tallan yawon buɗe ido na cewa kwana 300 a shekara rana ke fitowa. Ko da an ɗan ƙara gishiri, masana taurari sun yarda da sararin: a 1974 cibiyar nazarin taurari ta Faris ta kafa tashar hangen sama a dutsen Château-Renard da ke saman garin, a tsayin mita 2,930. Yanzu wata ƙungiyar masu sha'awar taurari, AstroQueyras, ke kula da ita. Kirarin zakara bai faɗi ƙasa banza ba.

A ƙarƙashin ƙasa ma akwai labari. A Clausis akwai ma'adinin tagulla da binciken masana ya nuna an haƙa tun wajen shekara 4,000 da suka wuce. An sake buɗe shi a ƙarni na 20, ya ba mutanen garin aikin albashi na wani lokaci, kafin ambaliyar watan Yunin 1957 da ta yi ɓarna a Queyras baki ɗaya ta karya shi, aka rufe ba da daɗewa ba.

Yanzu ga lissafin da ya fi kowanne nauyi. A tsakiyar ƙarni na 19 mutanen Saint-Véran sun haura 800. Yau ba su kai 300 ba, kuma ƙidayar 'yan shekarun nan ƙasa take yi. Abin da ya kwashe su ba annoba ba ce, hanya ce. Muddin shiga Queyras sai ta kwazazzabon Guil a bayan alfadari, mai cin hunturu yana dawowa gida. Da aka fasa hanyar keken doki a kwazazzabon a tsakiyar ƙarni na 19, jirgin ƙasa kuma ya iso kwarin Durance a shekarun 1880, sai hatsi mai araha ya hau, matasa suka sauka. Wanda ya ga Marseille ya ga albashin wata, da wuya ya koma ɗaukar ƙasa a kwando. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya ɗebi samarin da suka rage, kamar yadda ya yi a kowane ƙauyen Faransa. Gonakin hatsin nan da ake alfahari da su sun koma ciyawa, sai layukansu da ido ke iya gani a jikin tsauni.

Waɗanda suka rage, dusar ƙanƙarar da ta kori 'yan'uwansu ita ke ciyar da su. Saint-Véran da maƙwabciyarta Molines sun haɗa filin wasan zamiya, da hunturu baƙi na cika masaukai. Da bazara masu tattaki a tsauni ke zuwa, har akan tsayar da motocin baƙi a bakin gari a shiga da ƙafa. Tun 1977 yankin ke cikin gandun kare muhalli na Queyras, garin kuma yana cikin ƙungiyar ƙauyukan Faransa mafi kyau. Kiwo bai mutu ba: garkunan tumaki na hawowa daga filayen Provence duk bazara, da manyan fararen karnuka masu gadi, domin kyarkeci da aka ƙarar a Faransa ya dawo ta Italiya tun 1992, makiyaya da masu kare namun daji suna ta sa-in-sa a kansa.

Sai dai kuɗin baƙi yana da nasa farashi. Gidaje da yawa sun koma na hutu, masu su na Marseille ko Faris, tagoginsu a rufe mafi yawan shekara. Saurayin da aka haifa a garin, idan ya tashi aure, zai tarar gidan kakansa ya fi ƙarfin aljihunsa. Ga shi ɗumamar yanayi ta sa dusar ƙanƙara a Alps ba ta da tabbas kamar da. Ni dai ina ganin an fi iya adana katakon Saint-Véran fiye da mutanenta. Ana gyara fuste, ana sabunta fentin agogon rana, amma tanderun unguwa ba ya hura kansa.

Mai son zuwa, jirgin ƙasa na dare daga Faris zuwa Briançon yana tsayawa a tashar Montdauphin-Guillestre, daga nan mota ta bi kwazazzabon Guil ta hau. Wannan hanya ce ake buɗewa duk shekara. Sauran hanyoyin biyu, ta mashigin Izoard mai mita 2,360 da ta mashigin Agnel mai mita 2,744 da ke fita Italiya, ƙanƙara na rufe su tun kaka har wajen ƙarshen Mayu ko Yuni. Ko a watan Agusta ka je, ka tafi da rigar sanyi.